Idan Kuɗin Tallafin Bincike Suka Ƙare, Me Ke Saura a Asibiti?

 

An ce in yi magana a kan binciken lafiya da ake gudanarwa da kuɗin tallafi a asibitocin koyarwa. Zan tsaya a kan Kano, saboda a wannan gari an ga mafi munin abin da bincike kan jawo, an kuma ga mafi alherinsa, kuma tsakanin biyun bai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba.

A 1996 annobar sanƙarau ta afka wa Arewa, ta kashe dubban mutane, akasarinsu yara. Ana cikin wannan tashin hankali kamfanin Pfizer ya turo ma'aikatansa Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, suka gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka tashi da nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta, ya ce cutar ce ta yi ɓarnar. Shari'a ta ja har 2009, lokacin da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Amma abin da aka rasa ya fi ƙarfin diyya. Da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, labarin Trovan na cikin hujjojin da mutane suka riƙa kawowa. Har gobe, in ka miƙa wa uwa takarda ka ce bincike ne, a idonta za ka ga tambayar da ba ta furta ba.

To, a wannan gari ne kuma likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Jami'ar Bayero suka yi aikin da nake so mu daɗe a kansa.

Babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan jariran da ake haifa da ciwon sikila. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne kimanin 150,000 duk shekara. Cikin masifun wannan ciwo akwai wadda ba a cika zancenta ba, wato shanyewar ɓarin jiki a ƙuruciya. Yaro ɗan shekara bakwai yana wasa da safe, kafin la'asar hannu da ƙafa sun saki, baki ya karkace. Sau da yawa a gida sai a ce iska ce ta buge shi, a nufi wajen mai magani. In ba a ɗauki mataki ba, kusan yaro ɗaya cikin goma masu sikila zai gamu da wannan kafin ya kai shekara 20.

Tun shekarun 1990 masana a Amurka suka nuna cewa ana iya gane yaron da ke cikin haɗari kafin abin ya faru. Aikin ba ya buƙatar allura ko fiɗa. Yaro zai kwanta rigingine, a shafa masa ɗan mai a gefen goshi gaban kunne, a ɗora kan wata na'ura mai aiki da sauti. Sai ka ji ƙarar jini tana fita, fuu, fuu, daidai da bugun zuciya, lambobi suna hawa da sauka a allo. Idan gudun jinin a jijiyar ƙwaƙwalwa ya kai santimita 200 a daƙiƙa, jijiyar ta tsuke, yaron yana bakin haɗari. Maganin da suka samo shi ne a riƙa yi masa ƙarin jini kusan duk wata, kuma hakan ya rage shanyewar da kimanin kashi 90 cikin 100.

Duk wanda ya taɓa neman leda ɗaya ta jini cikin dare a asibitocinmu ya san wannan magani ba namu ba ne. Ina jinin? Wa zai biya? Wace uwa ce za ta baro ƙauye duk wata, shekara da shekaru? Saboda haka tambayar da likitocin Kano suka ɗauko daga ɗakin yara suka kai teburin masu ba da tallafi ita ce: ko ƙwayar haidiroksiyuriya, wadda yaro zai sha a gida sau ɗaya a rana, za ta iya tsayawa a madadin ƙarin jini?

Cibiyoyin Lafiya na Ƙasar Amurka suka ba da kuɗi, aka yi haɗin gwiwa da Jami'ar Vanderbilt ƙarƙashin Farfesa Michael DeBaun, tare da likitocinmu irin su Shehu Umar Abdullahi da Najibah Galadanci. Aka fara da ƙaramin gwaji don a ga ko iyaye za su yarda, ko yara za su jure shan maganin. Da aka ga ya yiwu, sai aka faɗaɗa zuwa Asibitin Murtala a Kano da Asibitin Barau Dikko a Kaduna. Yara 220 masu shekara 5 zuwa 12 suka shiga, rabi suna shan miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyinsu, rabi suna shan 20. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna ƙaramin awon ma yana kare yara daga shanyewa kamar babban, sai dai masu shan babban sun fi ƙarancin kwanciya a asibiti. Ga uban da ke lissafin kuɗin cefane kafin kuɗin magani, wannan bambanci na awo shi ne bambancin saya da haƙura.

Abin da ya fi burge ni a wannan aiki bai shiga kanun labarai ba. An koya wa ma'aikatan gida sarrafa na'urar, har da ma'aikatan jinya, ta yadda ba sai an jira likitan hoto ba. An auna dubban yaran da ba su ma shiga gwajin ba. An kuma zauna da hukumomin lafiya na jiha a kan yadda maganin zai ci gaba da isa ga yara bayan an rufe littafin bincike. Da wannan ma'auni nake auna kowane shirin tallafi: ranar da kuɗin suka ƙare, me ke saura a asibitin? Akwai hannun da ya ƙware? Akwai na'urar da ke aiki? Akwai maganin da mara lafiya zai iya saya?

Na yi wannan tambaya ne saboda sau da yawa amsar ba ta da daɗi. Kuɗin tallafi na da wa'adi, shekara uku ko biyar. Suna zuwa da mota, da kwamfutoci, da firjin ajiye jini mai tsananin sanyi, da albashin matasa masu tattara bayanai. Ran da wa'adi ya cika, matasan su watse, wasu su tsallaka ƙetare, firjin kuma ya koma jiran wanda zai sayi man janareto. Cibiyoyin na Amurka kan ba asibitocin ƙasashen waje kashi 8 cikin 100 ne kacal don hidimomin gudanarwa, alhali wuta da ruwa da gyara duk a wuyan asibitin suke. A farkon 2025 kuma, da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙetare, an ga yadda sa hannu ɗaya a Washintan ya girgiza ayyukan lafiya a faɗin Afirka. Kowa ya san ƙarshen wanda ya dogara da tuwon maƙwabci.

Ban faɗi haka don raina masu ba da tallafi ba. Sun yi abin a gode musu. Laifin yana gida. A 2001, a Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, Nijeriya ba ta taɓa cika shi ba. Akwai asusun bincike na TETFund, yana kuma taimakawa, amma bai kai ya ɗauki gwaji irin na sikila daga farko har ƙarshe ba. Muddin mai kuɗi yana waje, shi zai zaɓi cutar da za a bincika. Mu kuwa muna da namu tambayoyin. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yawan ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa a ƙasar Hausa, suka danganta shi da wankan jego da kunun kanwa. Farfesa Kamilu Ƙaraye na nan Kano ya sake ɗauko batun, yana duba rawar ƙarancin sinadarin seleniyom. Irin wannan tambaya, in ba mu saka kuɗinmu ba, ba wanda zai damu da ita kamar mu.

Sai batun amana, wanda na fara da shi. Yau akwai kwamitin ƙasa na ɗa'ar binciken lafiya, akwai ƙa'idojin da aka fitar a 2007, kowane asibitin koyarwa kuma yana da kwamitinsa. Amma takarda ba ta neman yarda, mutum ke nema. Ku je ku ga ma'aikaciyar da ta iya aikinta. Za ta zauna kusa da uwa, ta karanta mata komai da Hausa, ta gaya mata cewa in ta ƙi, za a ci gaba da duba ɗanta kamar kullum. Uwar ta ce, "Sai na shawarci babansa." Ma'aikaciyar ta ce, "Ba komai, Hajiya, ki tafi da takardar, Allah ya kai mu Litinin." Wannan jinkiri na 'yan kwanaki ba ɓata lokaci ba ne. Ina roƙon ɗalibanmu, komai matsin da mai tallafi ya yi muku a kan cika adadi, kada ku taɓa gajarta shi. Kuma in bincike ya ƙare, ku tara iyayen ku gaya musu abin da aka gano. Da jinin 'ya'yansu aka yi aikin, sun fi mujallar ƙetare cancantar jin sakamakon.

Ranka ya daɗe shugaban taro, ga buƙatata ga waɗanda ke da iko a cikin wannan zaure. Hukumar asibiti ta daina sa hannu a kan kowace yarjejeniyar tallafi sai an rubuta wanda zai ɗauki albashin ma'aikata da gyaran na'urori bayan wa'adi. Gwamnatocin jihohinmu su sa layi a kasafin kuɗi, ko yaya ƙanƙantarsa, don auna jijiyoyin yara masu sikila da saya musu magani a kowane babban asibiti, ba a birni kaɗai ba. Attajiranmu kuma, masu gina masallatai da rijiyoyi, Allah ya saka musu, su sani cewa kuɗin na'ura ɗaya da horar da ma'aikaciya ɗaya bai kai kuɗin motar da suka zo da ita wannan taro ba.