Matar da Ba Ta Ɓuya Ba

 Karatunmu na yau yana cikin Markus sura 5, aya 25 zuwa 34.

Matar nan ta yi shekara 12 tana zubar da jini. Ta ƙarar da dukiyarta a wurin masu magani, ciwo sai gaba yake yi. Bisa ga shari'ar Musa marar tsarki ce, amma ta kutsa cikin taron. Da Yesu ya tambaya, ta fito jikinta na rawa, ta faɗi kome. Bai kore ta ba, ɗiya ya kira ta.

Mu fa? Da yawa cikinmu mun raina kanmu. Mukan je asibiti, likita ya yi tambaya, mu sunkuyar da kai domin Hausarmu ba ta fita sosai, Turanci kuwa babu. Mu karɓi magani ba mu san sau nawa ake sha ba. Wani yana tari wata 2, yana ɓoyewa kada a ce tarin fuka ne, alhali maganin wata 6 yana warkar da shi, kyauta kuma a asibitin gwamnati. 'Yan'uwa, wannan ba tawali'u ba ne, tsoro ne.

Allah da ya yi bakinmu yana jin yarenmu, bai taɓa raina shi ba. Saboda haka in ba mu gane ba, mu ce a maimaita. In Hausa ta gagara, mu tafi da wani daga ikilisiya ya fassara mana. Tarin da ya wuce mako 2 kuma, mu kai a gwada kaki.