Mu Leƙa Iskandariyya Daga Tsakar Gida

Yau yawon buɗe ido za mu tafi, ba fasfo, ba biza. Mai tankaɗe ta ci gaba da tankaɗenta, mai kitso ta ci gaba da kitsonta, ku dai ara mini kunnuwanku. Birnin Iskandariyya muka nufa, a ƙasar Masar, bakin tekun Bahar Rum.

Daga Alƙahira tafiyar kilomita 220 ce ko kusa da haka, kamar awa uku a jirgin ƙasa. Garin tsoho ne ƙwarai. Sarki Iskandar na Girkawa ne ya kafa shi shekara 331 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shi ya sa ya ci sunansa. A miƙe yake a gefen ruwa kamar an shimfiɗa zane, da doguwar hanya da ake kira Kurnish. Hannu ɗaya dogayen benaye, ɗaya hannun ruwa iya ganinki. Da yamma nan iyalai ke zama suna shan iska, ana sayar da gasasshiyar masara kamar dai a gida.

Idan kika bi hanyar nan zuwa yamma, za ki tarar da ganuwar Ƙaitabai, wata ƙatuwar fadar yaƙi ta farin dutse da ta shiga cikin teku. Sarkin Masar Ƙaitabai ne ya fara gina ta a 1477. To amma labarin yana ƙarƙashinta. A daidai wurin ne a da aka yi wata hasumiya mai tsawon fiye da mita 100, ana hura wuta a samanta da dare don jiragen ruwa su gane hanya. Tana cikin abubuwan al'ajabi bakwai na duniyar da. Girgizar ƙasa ta yi ta cin ta, musamman a 1303 da 1323. Matafiyin nan Ibn Baɗuɗa, wanda daga baya ya zo har Takedda a Nijar ta yau, ya ga hasumiyar a 1349 ta lalace har ba a iya shiga. Mutanen garin ba su zauna kuka ba, sai suka ɗebi duwatsun suka sa a sabon gini.

Daga nan idan kika juyo cikin gari, ga masallacin Abul Abbas Almursi, malamin da ya fito daga Andalus, ya rasu a 1287. Kusa da shi akwai wani ƙaramin masallaci, kuma 'yar uwa, wannan namu ne. Nan ne ake ziyartar kabarin almajirinsa, Imamu Busiri, mai waƙar Burda. E, Burdar nan da iyayenmu ke rerawa a watan Mauludi, wadda wasunku suka haddace tun suna 'yan mata. An rubuta baitocinta a jikin bangon masallacin. Ashe kin daɗe da sanin wani da ake ziyarta a garin, ko da ba ki taɓa taka shi ba.

Mai ƙarfin zuciya kuma sai ta leƙa Kom Shuƙafa, wata makabartar zamanin Rumawa mai hawa uku a ƙarƙashin ƙasa. An gano ta a 1900, kuma labarin da ake bayarwa shi ne wani jaki ne ya rufta cikin rami. Ba nisa da nan akwai wani ginshiƙin jan dutse guda ɗaya, mai kusan mita 27, yana tsaye fiye da shekara 1,700. Idan gajiya ta zo, a gabashin gari akwai lambun Muntaza, inda sarakunan Masar ke hutawa lokacin zafi. Abinci kuwa, an san garin da kifi, sai hanta da ake soyawa da tafarnuwa da barkono a zuba cikin burodi.

Na bar wanda ya fi taɓa ni zuwa ƙarshe. A zamanin da, Iskandariyya ce ke da ɗakin karatu mafi shahara a duniya. Yaƙi da gobara da sakaci suka cinye shi sannu a hankali, ko bangonsa bai rage ba. A watan Oktoba na 2002 aka buɗe sabo a bakin ruwa. Gininsa kamar faifai ne aka jingina, yana da wurin ajiye littafi miliyan 8, an sassaƙa haruffan rubuce-rubucen duniya kusan 120 a bangon waje. A ciki akwai sashen yara, akwai kuma sashen makafi mai sunan Ɗaha Husaini, wanda ya makance tun yana ƙarami, ya yi karatu da kunne, har ya zama ministan ilimi na Masar a 1950.

Ke da kike ganin kin rasa makaranta saboda aure ya zo da wuri, ko hidimar gida ta sha kanki, ki riƙe labarin garin nan. Abin da ya rushe ana iya ɗora wani a kan tushensa, kuma kunne ma ƙofar ilimi ce. Yau da daddare ki sa yaro ya nemo miki hoton ganuwar Ƙaitabai a waya, ke kuma ki ba shi labarin hasumiyar da ke ƙarƙashinta. Mai ɗa ko ƙane da ke karatu a Azhar, ta ce masa idan an yi hutu ya je ya gano mata.

Nan za mu dasa aya. A gaida maigida, a shafa kan yara. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.