Jawabi Kan Gyaran Ɗakin Karatu na Ƙarawiyyin

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, a birnin Fas na ƙasar Maroko akwai ɗakin karatu na Ƙarawiyyin, wanda Sarki Abu Inan ya kafa a 1349. Da zamani ya yi nisa, damshi ya ci bangonsa, har littattafan rubutun hannu kimanin 4,000 suka shiga haɗari, cikinsu da tarihin Ibn Haldun.

A 2012 aka ɗora wa Aziza Shawuni gyaransa. Ku lura, aikin bai tsaya kan ado ba: an haƙa magudanar ruwa ƙarƙashin ginin, an keɓe ɗakin gyaran tsofaffin takardu da ɗaukar hotonsu a kwamfuta.

Mu kuwa, littattafan malamanmu magabata suna cikin adudu, gara tana ci, magada sun kulle ɗaki, ɗalibi ko leƙawa ba ya samun yi.