Fayil ya iso a tsage: ta ina za a fara ɗinki?

Maganar yau ta masu zane da kwamfuta ce, 'yan SolidWorks, Rhino, FreeCAD da sauransu.

An turo maka fayil ɗin IGES, ka buɗe, a ido komai lafiya lau. Ka ce manhaja ta faɗa maka nauyinsa, ta ƙi. Ka zo huda rami, nan ma ta tirje. To abin da ya iso ba dunƙulallen abu ba ne, ɓawo ne kawai. Fuskoki ne a jere, kamar fasasshiyar ƙwarya da aka harhaɗa ba a ɗinke ba.

Me ya jawo? Kowace manhaja da injin lissafinta. SolidWorks na kan Parasolid, FreeCAD na kan Open CASCADE, kuma kowanne da iyakar giɓin da yake yafewa tsakanin gefe biyu kafin ya ce sun haɗu. Giɓin da waccan ta kawar wa kai, wannan sai ta ce sam. Shi kuma IGES tsohon hannu ne, rabonsa da sabuntawa tun 1996, galibi fuska-fuska yake kawo kaya.

Saboda haka kafin ka taɓa komai, kira wanda ya turo, ka ce ya sake fitar maka da STEP. Sau tari a nan zance ke ƙarewa. Ka duba awo ma, don inci ɗaya milimita 25.4 ne.

In ba ta yiwu ba, to sai aikin gyartai. A SolidWorks akwai Import Diagnostics, zai jero maka lalatattun fuskoki da giɓi. A Rhino, ShowEdges zai haska gefen da ba shi da abokin haɗi.

Nan fa nake so ku saurara. Da yawanmu sai mu yi ta ƙara girman giɓin da manhaja za ta yafe har ta haƙura ta ɗinke. Eh, zai zama dunƙulalle, amma janyo gefen aka yi da ƙarfi, ka gane? Gobe ka zo zagaye kusurwa ko fitar da hanyar yanka ta CNC, matsalar ta dawo, ƙila ma sai bayan an lalata ƙarfen mutane. Ni dai gara a goge fuskar da ta lalace. In shimfiɗaɗɗiya ce, sake ta minti biyu ne. In mai lanƙwasa ce, miƙa maƙwabtanta su haɗu, ko ka cike gurbin yadda zai bi lanƙwasarsu, sannan ka ɗinke. Siraran fuskokin nan masu kama da tsinke, su ma a kawar da su.

Da ka gama, tsaga shi biyu ka leƙa ciki. In ka ga cike yake, nauyi kuma ya fito, to tura shi. Wanda nasa ya ƙi ɗinkuwa, ya ajiye mana hoton a ƙasa mu duba tare.