Amsar Takardunku: Yaya Katangar Yashi Ke Tare Mayaƙa?

Takardarmu ta yau ta fito ne daga wani manomi a yankin Maradi. Ya ce ya ji ana maganar wata katanga da Maroko ta gina a cikin hamada don ta hana abokan gaba shiga. Shi ne yake tambaya: "Shin gaskiya ne da yashi aka yi ta? In haka ne, yaya tulin yashi zai tare mai bindiga?"

To Malam, gaskiya ne. Yashi ne da duwatsu aka tara da buldoza, tsayinta bai wuce kamar mita 3 ba. Amma tsawonta ya kai wajen kilomita 2,700, wato ya fi tafiya daga Kano zuwa Ikko da dawowa.

Ƙasar da ake rigima a kanta ita ce Yammacin Sahara, wadda Sifen ta mallaka. A 1975, da Sifen ta ɗaura niyyar fita, Sarki Hassan na Biyu ya tura mutane kimanin 350,000 suka tsallaka iyaka da ƙafa, daga baya Maroko da Muritaniya suka raba ƙasar. Ƙungiyar Polisario, wadda aka kafa a 1973, ta ce ba ta yarda ba, 'yanci take so, Aljeriya kuma ta mara mata baya.

Mayaƙan Polisario 'ya'yan makiyaya ne, sun san hamadar nan kamar yunwar cikinsu. Yaƙin sari-ka-noƙe suka yi. Su taho cikin dare a ƙananan motoci, su faɗa wa sansani, kafin gari ya waye sun ɓace. Har Nuwakshot suka kai hari a 1976. Muritaniya ta ga ba za ta iya ba, ta janye a 1979. A wannan shekarar kuma suka afka wa garin Tan-Tan, a cikin Maroko kanta.

Nan ne hafsoshin Maroko suka sake shawara. Suka ga bin mutanen nan cikin daji ɓata mai ne da rayuka. Sai suka yi abin da kai manomi ka sani: ba ka kwana kana bin awaki, shinge kake yi wa gonar. Daga 1980 zuwa 1987 suka gina katangar hawa shida. Ta farko ta kewaye abin da ya fi tsada, wato garuruwan La'ayun da Samara da ma'adinin Bu Kra'a, inda ake haƙo fosfat, sinadarin da ake yin takin zamani da shi. Kowace sabuwar katanga sai ta ƙara matsawa gaba, har kusan kashi 80 cikin 100 na ƙasar ya koma bayanta.

Yanzu ga amsar tambayarka. Ai ba yashin ne ke yaƙin ba. Kafin ka iso katangar akwai filin nakiyoyi, akwai waya mai ƙaya, akwai ramuka. A bisa katangar, bayan kowane 'yan kilomitoci, akwai sansanin soja da na'urar rada wadda ke hango motsin mota tun tana nesa. Can baya kuma an girke igwa da tankokin yaƙi da sojojin ko-ta-kwana. Aikin yashin shi ne ya tsayar da kai. Sai ka tsaya ka tone nakiya, ka yanke waya, ka fasa hanyar da mota za ta bi, kuma duk wannan lokacin ana kallonka. Polisario sun sha fasa katangar su kama sansani, amma dole su juya kafin gudummawa ta iso, su kuma fita ta ƙofar da suka shiga. Ka ga an raba su da makaminsu mafi kaifi, wato zuwan bazata.

Mutanenmu na da sun san wannan dabara. Ganuwa da gwalalo a gabanta aikinsu ke nan, su karya gudun doki. Sai dai kowace ganuwa da zamaninta: ta Kano ba ta tsaya wa igwar Turawa ba a 1903.

A ganina katangar ta riƙe wa Maroko ƙasa, amma ba ta kashe rigimar ba, kuma tsaronta na cin dubun dubatan sojoji da kuɗi masu yawa. An tsagaita wuta a 1991, Majalisar Ɗinkin Duniya ta kawo masu sa ido, aka yi alkawarin ƙuri'ar raba gardama. Ba a yi ƙuri'ar ba, domin an kasa daidaitawa kan wa ya cancanci jefa ta.

Wanda ya fi shan wuya kuwa talaka ne. Ana ƙiyasin nakiyoyin da aka binne sun kai miliyoyi, kuma nakiya ba ta san soja ba, ba ta san raƙumi ba. In aka yi ruwa mai ƙarfi, sai ya kwashe su ya kai inda jiya lafiya lau ake kiwo. Katangar ta datse burtalai da hanyoyin rijiyoyi. Ta raba dangi: wasu na La'ayun, wasu na sansanonin gudun hijira kusa da Tinduf a Aljeriya tun 1976, an haihu a can, an yi jikoki.

'Yan kasuwa su ma su saurara. A can kudu akwai mashigar Gargarat, inda manyan motoci ke bi da tumatir da sauran kayan miya daga Maroko zuwa Muritaniya da Senegal da Mali. A watan Oktoba na 2020 magoya bayan Polisario suka tare hanyar, motoci suka yi cirko-cirko na makonni, kayan gwari suka yi tsada a kasuwannin Muritaniya. Ran 13 ga Nuwamba sojojin Maroko suka fito suka buɗe hanyar, suka kuma ƙara wa katangar tsawo a wurin. Polisario ta ce ke nan yarjejeniyar 1991 ta rushe, aka koma harbe-harbe. Daga 2021 kuma sai jirage marasa matuƙa suka shigo cikin lamarin, suna kai hari kan motocin da ke yawo a gabashin katangar, har makiyaya da yawa suka ƙaurace wa yankin.

Da fatan ka gamsu, Malam. A gaida mutanen Maradi.