Mentone: Labarin Ƙasa da Yawan Jama'ar Wata 'Yar Hedkwata a Amurka



Maƙasudin laccarmu a yau shi ne mu amsa tambaya guda: mene ne ke tsayar da gari a wurinsa? Maimakon mu yi ta yawo cikin ka'idodi, na ga ya fi kyau mu ɗauki gari ɗaya mu duba shi filla-filla, watau Mentone, hedkwatar gundumar Loving a yammacin Jihar Texas ta Amurka. Gunduma a can kusan daidai take da ƙaramar hukuma a nan, kuma Texas tana da irinsu 254.

Bari mu fara da shimfiɗar ƙasar. Gundumar tana da faɗin murabba'in mil 677. Daga arewa ta yi iyaka da Jihar New Mexico, daga yamma kuwa kogin Pecos ne ya shata mata iyaka. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, mai yashi da ƙayoyi, a gefen hamadar Chihuahua. Ruwan saman da take samu a shekara bai cika wuce inci 10 da 'yan kai ba. Daɗin daɗawa, ruwan kogin na kanwa-kanwa ne, bai shawuwa. Shekaru da dama sai dai a yi jigilar ruwan sha a mota daga nesa. Ku riƙe wannan magana ta ruwa, domin ita ce mabuɗin sauran bayanin.

An sa wa gundumar sunan Oliver Loving, wani falken shanu da aka yi wa rauni a bakin kogin Pecos a 1867, ya rasu a shekarar. An yanke ta a 1887, aka kafa mata hukuma a 1893, amma hukumar ta rushe a 1897. Sai da aka sami man fetur a shekarun 1920 sannan jama'a suka taru, har aka sake kafa hukumar a 1931, da Mentone a matsayin hedkwata.

To, ga abin da ƙidayar jama'a ta nuna. A 1940 an sami mutum 285 a gundumar duka. A 1970 suka koma 164, a 1980 suka koma 91, a 2020 kuwa saura 64, watau babu gundumar da ta kai ta ƙarancin jama'a a Amurka a wannan ƙidaya. In an raba ƙasar, kowane mutum zai tashi da fiye da murabba'in mil 10. Shi kansa garin Mentone mutum 22 aka ƙirga a cikinsa.

Abin mamaki shi ne, ba talauci ya kori mutanen ba. Gundumar tana kan kwarin Permian, wanda ya fi ko'ina a Amurka ba da mai. Da rana hanya a cike take da manyan motoci da leburorin rijiyoyi, amma iyalansu suna wasu garuruwa, ƙidaya kuwa inda mutum ya saba zama take bi, ba inda ya wuni ba. Rijiyar mai, in an gama haƙa ta, ba ta bukatar hannu da yawa. Inda babu ruwa babu noma, inda babu noma iyali ba su kafuwa. A 1972 aka rufe makarantar garin, aka mai da yaran Wink, a gundumar maƙwabta. Uwar da ba ta ga makaranta ba kuwa, da wuya ta sauke kayanta.

Me ya hana garin mutuwa ke nan? Hukuma. Dokar Texas ta wajabta wa kowace gunduma, komai ƙanƙantarta, ta sami alƙali da kwamishinoni huɗu da shugaban 'yan sanda da akawu. A ofishin Mentone ake ajiye takardun filaye, a nan ake lissafin harajin mai. Saboda haka kujerun suna da tsoka, har an taɓa samun masu rajistar zaɓe sun fi mazauna yawa, domin waɗanda suka ƙaura ba su saki ƙuri'arsu ba.

Darasin da za mu ɗauka, musamman ku ma'aikata da ake kawo wa takardun neman sabuwar hedkwata, shi ne: ofis yana iya hana gari mutuwa, amma ba ya iya raya shi. Kafin ku tambayi abin da ke ƙarƙashin ƙasa, ku tambayi inda za a sha ruwa, da inda yara za su yi karatu, da mutum nawa ke kwana a wurin. Tarin rumfuna ba shi ne kasuwa ba.