Kyamarar shago ta daina nunawa a waya? Duba lambarta

Kai ɗan kasuwa da ka kafa kyamara a shagonka na Maraɗi, kana Jibiya kana duba kaya ta waya, da kai mai kyamara a garke, ku matso kusa.

Rauta, wato akwatin da ke raba intanet a gida, tana ba kowace na'ura lamba, kamar 192.168.1.20. Ita ke rabawa da kanta, don haka in wuta ta ɗauke ta dawo, lambar kyamara na iya canzawa. To, ƙofar da mai gyara ya buɗe maka a rauta, tsohuwar lamba ta sani. Shi ke nan, hoto ya ɓace!

Maganin: ka ce ya ɗaure wa kyamarar lamba ɗaya tsayayya. Wayoyin gida kuwa a bar su yadda suke.

Amma in da layin waya rautarka ke aiki, sau da yawa buɗe ƙofa ba ya ci, domin mutane da yawa ke tarayya a lambar waje ɗaya. Sai ka bi ta manhajar kyamarar.

Kuma ka canza kalmar sirrin da ta zo da ita. Ƙofa buɗe, ɓarawo ma na leƙe. Allah ya tsare dukiya.